Gargaɗi ga Masunta: Tarun Yau Ne Ke Zaɓar Jikin Kifin Gobe

Wannan kira ne ga sarakunan ruwa, da masunta, da 'yan banda, da dillalan kifi, tun daga Yawuri da Argungu har Nguru da Doron Baga, tun daga Gaya har Diffa, har ma da matan gida masu sayen kifi a faranti. A bar su da gidan sauro. A bar jan taru mai matsattsen ido, musamman a wuraren da kifi ke zuba ƙwai. A kuma bar ɗaukar kashe kowace ƙatuwar uwar kifi a matsayin bajinta.

Kowa ya san irin wannan su yana rage yawan kifi, ba sai an tara mutane an faɗa musu ba. Abin da ya sa na ɗaga murya shi ne ɓarna ta biyu, wadda ba a ganinta a kwando ɗaya ko a damina ɗaya. Irin wannan su yana canza jikin kifin kansa. Yana mai da shi gajere, siriri, mai saurin balaga, kuma canjin yana shiga jini ya zama gado. Yawan kifi yakan farfaɗo idan aka ɗaga wa ruwa ƙafa. Girman da ya fita daga jinin iri kuwa, dawo da shi aikin zuriya bayan zuriya ne, mai jira yana iya tsufa bai gani ba.

Mu fara da tarun kalli, tunda kowa ya san shi. Kifi ya zo ya cusa kai a ido. In jikinsa bai kai idon ba, ya wuce abinsa. In kansa ya fi idon girma, ya ja da baya. Wanda kai ya shiga amma kauri ya hana shi wucewa, shi zare ke shaƙewa a bayan kunne. Ke nan kowane ido ma'auni ne, yana raba wanda zai mutu da wanda zai rayu bisa kaurin jiki. To, a ɗauki 'ya'yan karfasa da aka ƙyanƙyashe a mako ɗaya. Tun daga nan ba ɗaya suke ba. Wasu masu saurin girma ne, masu cin abinci da zafin nama, masu faɗin jiki. Wasu jinkirin girma gare su, amma sukan fara ƙwai tun suna 'yan mitsi-mitsi. Wani sashe na wannan bambanci daga abinci ne, wani sashen kuwa daga iyaye aka gaje shi. Mai saurin girma shi ke fara kai kaurin da ido zai riƙe, sau da yawa tun bai yi haihuwar fari ba. Siririn nan ya bi ta ido ya fice, ya zuba ƙwansa, ya bar 'ya'ya irinsa. Baɗi a sake haka. Masunci ya ga kamu ya ja baya, sai ya shiga kasuwa ya sayo taru mai ido yatsa biyu a madadin mai yatsa huɗu. Bayan 'yan shekaru ya koma yatsa ɗaya. Daga nan sai gidan sauron da aka raba a asibiti domin mai ciki da jaririnta. Duk lokacin da aka ƙara matse ido, an ƙara rage girman kifin da aka yarje wa ya haihu.

Manomi in ya girbe gero, zangarniyar da ta fi tsawo da cika ita yake warewa ya ɗaure ya rataye domin iri. Da za a ga mai cinye manyan zangarnu yana ajiye ƙanƙanannu marasa ƙwaya domin shukar baɗi, da 'yan'uwansa sun kai shi an duba lafiyarsa. Abin da ake yi wa ruwa ke nan kowace safiya, sai dai ruwa ba ya nuna cikinsa, shi ya sa ba mai jin kunya.

Masana kimiyya suna sa wannan magana a babin juyin halitta. Na san akwai waɗanda da sun ji an ambaci babin sai su toshe kunne, saboda musun da ake yi kan asalin ɗan Adam. A ajiye wancan musun, ba shi ya kawo mu ba. Wannan an gwada shi a cikin tankin ruwa, an ɗora shi a sikeli. A 2002, wasu masana biyu a Amurka, David Conover da Stephan Munch, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da wani ɗan ƙaramin kifin bakin teku da ba ya wuce shekara guda a duniya. Sun raba kifin a tankuna shida, abinci iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. In lokacin kamu ya yi, sai su kwashe kashi 90 cikin 100 na kowane tanki, su bar ragowar su haihu. A tankuna biyu manyan suke kwashewa, kamar yadda masunta ke yi. A wasu biyun ƙananan suke kwashewa. A biyun ƙarshe kuwa wanda hannu ya faɗa a kansa. Da farko masu kwasar manya su suka fi cika kwando, kamar yadda kowa zai zata. Amma da aka kai zuriya ta huɗu, lissafi ya juye: kifin tankin da ake barin manya su haihu ya kusa ninka nauyin na tankin da ake kashe manya. Da aka ƙara bincike, aka tarar ƙanƙancewar ba ta zo ita kaɗai ba. Kifin da aka yi wa zaɓen tumun dare ya rage yawan ƙwai, ƙwan ya ƙanƙance, 'ya'yan sun fi saurin mutuwa, har ƙwazon neman abinci ya ragu.

Sashen da ya kamata ya hana sarkin ruwa barci shi ne abin da ya biyo baya. Masanan suka daina zaɓen, suka bar kifin ya huta, su ga ko zai koma yadda yake. Ya fara komawa, amma a hankali ƙwarai. A 2009 suka ƙiyasta cewa sai an yi wajen zuriya 12 kafin ya cimma girmansa na asali. Zuriya huɗu ta ɓata, goma sha biyu ke gyarawa. Wannan fa kifi ne mai haihuwa kowace shekara. A lissafa da giwan ruwa, wadda sai ta yi shekaru kafin ta fara ƙwai.

Wani zai ce ai wannan wasan tanki ne. To, a duba teku. Kifin kod, dangin busasshen kifin nan mai taurin tsiya da ake shigo mana da shi daga Norwe, ya ciyar da mutanen Newfoundland a gabashin Kanada shekara aru-aru. Da manyan jiragen su suka shigo, a 1968 kaɗai an kwashe fiye da tan 800,000. A ranar 2 ga Yuli 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamunsa na kasuwanci, domin ya kusa ƙarewa. Mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. Da masana suka koma kan tsofaffin bayanai, sai suka gano cewa kifin ya daɗe yana ba da alama ba a kula ba: matan da a da sai sun kai wajen shekara 6 suke fara ƙwai, sun sauko wajen shekara 5, kuma da ƙaramin jiki. An zaci hanin na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun na kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kacal. Yaron da aka haifa ranar da aka rufe ruwan ya shekara 32 kafin a buɗe.

Na Tekun Baltik ya fi tayar da hankali. A can, tsakanin 1996 da 2019, tsawon matsakaicin balagaggen kod ya sauko daga santimita 40 zuwa 20, wato kifin da ya isa haihuwa bai wuce a riƙe shi a tafin hannu biyu ba. Masana a Jamus suka ɗauko ɗan dutsen da ke cikin kunnen kifi, wanda ke ajiye zoben kowace shekara da kifin ya rayu, suka haɗa da binciken ƙwayoyin gado. Sakamakon da suka fitar a 2025 ya nuna cewa masu saurin girma sun kusa ɓacewa daga irin, kuma alamar hakan ta fito a ƙwayoyin gadon. An hana kamun tun 2019, amma girman bai dawo ba. Ƙarancin iska a ƙasan tekun da ƙarancin abinci sun taimaka wajen ɓarnar, haka ne, amma taru ne ya yi zaɓen.

A nan ya kamata a raba abu biyu, don kada gargaɗin ya zama ihu kawai. Ba kowace ƙanƙancewa ce gado ba. Mai kiwon karfasa a kududdufi ya san in suka cunkushe, sai ka ga 'yar karfasa da ba ta fi tsawon yatsa biyu a jere ba ɗauke da ƙwai a baki. Wannan matsi ne da yunwa, in aka rage su aka ba su abinci, 'ya'yansu sukan girma. Matsalar ita ce daga cikin kwale-kwale ba ka iya bambance wadda yunwa ta tsumburar da wadda ta gaji tsumburewa. Kuma su biyun tafiya ɗaya suke yi: matsin da ke sa kifi ya yi saurin balaga yau, in ya dore, shi ke fifita masu saurin balaga a jini. Saboda haka duk masuncin da ya fara ganin ƙwai a cikin kifin da a zamanin mahaifinsa ake kira ɗa, ya ɗauka ƙararrawa aka buga masa.

Mu da ke bakin Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi bai kamata a sha wahalar gamsar da mu cewa ruwa ke tsara jikin kifi ba, domin shaidar tana kan teburin kowace kasuwa. Dubi tsage: jiki miƙaƙƙe, wutsiya mai baki biyu, haƙora a waje ko da ya rufe baki. Wannan jikin mai gudu ne a buɗaɗɗen ruwa mai wadatar iska. Dubi tarwaɗa: ba ɓawo, kai a baje, idanu ƙanana, gashin baki na lalube cikin taɓo, sannan a cikin kanta, bisa inda take numfashi, akwai wani nama mai rassa da take shaƙar iskar sarari da shi, shi ya sa take kwana a kwano da ɗan ruwa ba ta mutu ba. Gaiwa ta wuce nan, huhu gare ta sosai. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar ƙofar iska, ta yi watanni tana jiran ruwan sama. Abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗa cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya ne, naman jikinta ke riƙe ta a wannan zama. Minjirya ta mai da tsoka makamin lantarki. Ƙurungu ya tanadi ƙayoyi masu kullewa, in ya miƙe su ba mai haɗiye shi cikin daɗi. Kowace siffa a cikin waɗannan, abin da ya tsira ne bayan ruwa ya yi ta tacewa tsawon zamanin da ba ya ƙirguwa.

Mun ma ga taciyar da idonmu. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 ya zo, a 1973 tafkin ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya koma fadama mai ciyayi da ƙarancin iska, kifi ya riƙa mutuwa yana tasowa. Giwan ruwa da tsage da kawara, masu bukatar buɗaɗɗen ruwa, suka ja baya. Tarwaɗa da bargi da gaiwa masu shaƙar iska, da karfasa mai jure wuya, suka gaje wurin. Shi ya sa kwalin bandar da ke fitowa daga Baga ya zama galibi tarwaɗa. A Tafkin Biktoriya kuwa, bayan an zuba giwan ruwa a shekarun 1950 ta cinye ɗaruruwan ire-iren ƙananan dangin karfasa, ruwan kuma ya gurɓace iska ta ragu, masana daga Holan sun auna wani iri da ya tsira, suka tarar cikin shekara 20 naman numfashinsa ya ƙara faɗi da kashi 64 cikin 100, kansa kuma ya ƙanƙance. Jikin kifi ba ya jiran shekara dubu kafin ya amsa. Kuma a yau babu fari ko maƙiyin cikin ruwa da ya kai zaren nailan yawan kisa, babu kuma wanda ya kai shi tsayawa kan ma'auni ɗaya kullum.

Yanzu ga maganar da na san za ta yi wa wasu zafi: manyan uwaye. An saba cewa a bar ƙanana a kama manya, kuma rabin gaskiya ne. Babbar mace ba ninkin ƙarama ba ce kawai. Wani bincike da aka fitar a 2018, wanda ya duba ɗaruruwan ire-iren kifin teku, ya nuna cewa kod mace ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwan da ya fi na mata 28 masu kilo bibbiyu, alhali su 28 ɗin a haɗe kilo 56 ne. Ƙwanta kuma ya fi girma da ƙarfi. Ita ce ta tsallake ƙugiya da taru da fari shekara da shekaru, jininta shi ne jinin girma. Ranar da aka fito da ita ana kiɗa, an sami kuɗin mako ɗaya, an kuma rufe rumbun iri. Ƙasashen da ke kewaye da Biktoriya, wato Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sun gane haka, suka sa doka cewa giwan ruwan da za a kai masana'anta ta kasance tsakanin santimita 50 da 85. Ta ƙasa da haka 'ya ce, ta sama da haka uwa ce. An sha karya dokar, ba shakka, amma hankalin da ke cikinta daidai ne: a ci daga tsakiya.

Kada wani ya kawo mini Argungu a matsayin hujja, domin Argungu hujjata ce. Kifin da ya ci gasar bikin kamun kifi na Argungu a 2020 kilo 78 ne. Me ya sa ake samun irinsa a kogin Matan Fada, inda ake gasar? Domin wurin a rufe yake, sarkin ruwa na tsaronsa, sai ranar biki a shiga da homa da gora na ɗan lokaci a fito. Da an bar kowa ya shimfiɗa kalli a Matan Fada dare da rana, da tuni an koma ba da kyauta a kan kifin kilo biyar. Kabawa sun riƙe wannan hikima tun kafin bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, kuma kusan kowane gari na bakin ruwa yana da gurbin da kakanni suka hana taɓawa sai an yi shela. Waɗannan guraben su ne mafakar jinin girma. Duk inda aka soke su, ko aka sayar da su ga mai kuɗi ya kwashe da inji, a dawo da su tun da sauran abin da za a tsare.

Doka ma ba a rasa ba. Dokar sun ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, in ban da kayan kama 'yan ƙananan kifayen da girmansu ke nan. Ta hana guba da nakiya da lantarki. Duk da haka har yanzu akwai masu zuba gubar Gamalin a kogi da dare, su kwashe abin da ya taso, su kai wa mutane su ci. Mai yin haka ba masunci ba ne, mai kisan kai ne, a kai shi gaban hukuma. Akwai kuma dumba, jerin gurar da ake datse hanyar ruwa da shi daga gaɓa zuwa gaɓa, daidai lokacin da kifi ke shiga fadama ko yake fitowa da 'ya'yansa. Jami'in da ke karɓar kuɗin dumba ya san abin da yake sayarwa.

Ban manta da talauci ba. Mutumin da rikici ya koro daga tsibiran Cadi, ba jirgi ba jari, ga 'ya'ya suna kuka, in ya tsoma gidan sauro a ruwa ba don mugunta ya yi ba. Shi ya sa ƙwace taru a ƙona shi a bainar jama'a kaɗai ba ya magani, an sha yi, washegari wani ya fito. Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin masunta su yi musaya: kawo matsattse, karɓi mai inci uku, ko da bashi ne. A kama mai shigo da haramtaccen taru da mai sayar da shi a kasuwa kafin a kama mai jefa shi. Sarakunan ruwa na gari da gari su zauna su tsayar da watannin hutu tare, daga shigar sabon ruwa har kifi ya gama ƙwai, domin in wannan gaɓa ta huta waccan tana ja, an yi aikin banza. Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa da sassan kifi na jami'o'inmu su ba kowace mashaya sanda mai awo da littafi, a riƙa rubuta tsawon mafi ƙanƙantar mace da aka samu da ƙwai kowane wata. Wannan lamba ɗaya tak ita ce Kanada ta gani a makare.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa su ma su ji. In ka sayar da waɗanda suka yi fintinkau, ka ajiye ragowar da ba mai so ka yi iyaye da su, kai ma tarun nan ne, sai dai naka a cikin kankare yake. Ware mafi kyau domin iri, kuma ka riƙa sauya jini daga wata gona.

Ke kuma Hajiya mai sayen kifi, da kai Alhaji mai loda kwali zuwa Kudu, hannunku na ciki. Muddin mudun 'ya'yan tarwaɗa da 'ya'yan giwan ruwa yana samun mai saye, za a ci gaba da tankaɗe ruwa. In an miƙo muku kifin da bai kai tafin hannu ba alhali irinsa mai girma ne, ku mayar, ku faɗi dalili da babbar murya yadda na kusa zai ji. Masunci kuma in ya ɗago uwa mai ciki cike da ƙwai a watan ambaliya, ya kwance ta a hankali tun tana da rai, ya sake ta a gurbin da aka keɓe, ya kuma sanar da sarkin ruwa inda ya same ta domin a hana shimfiɗa taru a wurin har ruwa ya janye.